Yadda Muke Riƙe Sanda a Gwarzo

Yayana ya dawo Gwarzo da hannunsa na dama naɗe a cikin hankici. Injin masaƙar da yake wa aiki a Kano ne ya cinye masa yatsu uku, ya bar masa babban da ɗan ƙaramin. Kafin ciwon ya gama warkewa masaƙar ta sallami ma'aikatanta, masu yatsu da marasa yatsu. Ranar da ya iso ya tara mu a ɗakin Inna, ni da ita da matarsa, ya ce ba ya son ko mutum ɗaya a garin nan ya ji labarin hannun. Inna ta ce to. Ni ma na ce to, ko da yake tsakanin tasha da ƙofar gidanmu, ina ɗauke da katifarsa a ka, an tsayar da ni an yi mini jaje ya fi a ƙirga.

Ban ga laifinsa ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, duk majalisar da ka zauna hirar yanke hannun ɓarawo ake yi, wasu da gaske, wasu don nishaɗi. Mutumin da ya dawo daga birni da hannun dama a naƙashe bai zaɓi lokaci mai kyau ba. Amma ko babu wannan, na san halin Yaya. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya saba bayarwa, shi ake kai wa kuka. Da a ce masa "Allah sarki" gara a zage shi.

Sai ya tsara rayuwarsa a kan hankicin. Idan za a gaisa, ya miƙa tsintsiyar hannu kamar wanda ya taɓa baƙin mai. A masallaci ya samu ƙarshen sahu ta dama, jikin bango, ya saki hannun riga. Alwala a gida. Mutanen gari kuwa suka karɓi tsintsiyar hannun nan suna girgizawa kamar haka aka saba gaisawa tun kaka da kakanni. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ba da umarni. Garin ne kawai ya yanke shawarar cewa bai ga komai ba.

Ni a lokacin na gama kwalejin horon malamai ina jiran aiki, aikin kuma yana jiran gwamnati ta samu kuɗi. Ba ni kaɗai ba ne. Samari majiya ƙarfi muna zaune a inuwa muna bin ta duk inda ta juya. Yaya ya dube mu, ya ga kasuwa. Ya kama wani ɗan shago kusa da tasha, ya sa talabijin, da benci biyu, da ƙaramin janareta mai tari, da na'urar wasan gem ta gwanjo. Faifan da ya fi samun karɓuwa shi ne na faɗa: mutum biyu a cikin talabijin suna dukan juna, kowa da ma'aunin jininsa a sama, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Mu da muka tashi da kallon dambe ba mu sha wahalar ganewa ba. Zagaye muka kira shi turmi, faɗuwa kuma kisa.

'Yan kwamitin unguwa sun zo sun duba ko caca ake yi. Yaya ya nuna musu babu. Ya yi alkawarin kashe janareta da an kira salla, ya rage kiɗan wasan har ya mutu. Akwai mata a cikin mayaƙan da ake zaɓa, waɗanda tela bai wahala a kansu ba. Yaya ya yanko takardar buhun siminti ya manna a fuskar talabijin daidai inda hotunansu suke fitowa. Takardar nan ta zauna a wurin har a lokacin faɗa, don haka akwai kusurwar da in aka kai ka, sai dai ka ji labari daga ma'aunin jininka. Dattawan suka sa albarka suka tafi.

Matsala ɗaya ce. Abin da ake buga wasan da shi, wanda muke kira fad, ɗan ƙarami ne da ake riƙewa da hannu biyu, yatsu na bayansa suna tallafe da shi. Yaya ba zai iya riƙe shi ba. Ya zama mai shagon da ba ya taɓa hajarsa, yana zaune a bakin ƙofa yana cewa wasan yara ne. Ina ganin yadda idonsa ke bin talabijin ɗin.

Wata rana ya je Kano ya dawo da wasu akwatuna biyu masu nauyi, kowanne ya kai faɗin tiren shayi. A saman kowanne akwai sanda gajeriya mai ƙwallo a ka, ta ɓangaren hagu, ga maɓallai manya-manya a jere ta dama. Sandar ita ke tafiyar da mutuminka: ka tura gaba ya yi tsalle, ka jawo ya durƙusa, ka kai ta dama ya yi dama. Maɓallan kuma naushi da shuri. Sanda ba ta buƙatar yatsa, tafin hannu ya ishe ta. Maɓallai su ne masu cin yatsu.

Ina tsaye ya rufe ƙofar shago ya ɗora akwatin a kan tebur yadda aka ƙera shi. Hannunsa na hagu, lafiyayyen, ya sauka a kan sanda. Na dama ya sauka a kan maɓallai. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ɗaga akwatin ya juya shi, gaba ya koma baya. Sanda ta dawo dama, maɓallai suka koma hagu, waya ta fuskanci cikinsa. Ya dafe ƙwallon da tafin hannu, ya yafa hankici a kai.

Na ce, "Yaya, ai yanzu komai ya juye. In ka tura gaba durƙusawa zai yi."

Ya ce, "Zai koya."

Ban tambaye shi wa zai koya ba, shi ko mutumin cikin talabijin. Ya yi makonni yana shiga shagon da hantsi kafin samari su fito, har kansa ya karɓi abin: dama hagu ce, sama ƙasa ce. Ranar da ya fito da akwatunan fili ya riga ya zama gwani.

Wanda ya fara magana wani matashin mahauci ne, babban mai zuwa shagon, mutum mai saurin hannu da saurin baki, wanda yake son Yaya kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ya leƙa akwatin ya ce, "Oga, ya na ga rubutun jikinsa a kife?"

Yaya bai ko ɗago ba. Ya ce, "Su masu ƙera shi komai da hagu suke yi. Ɗan Musulmi kuwa da dama yake riƙe sanda."

A wata shekarar da an yi gardama. A wannan shekarar ba wanda yake son a ji shi yana kare hagu. Wani dai ya yi ƙarfin hali ya ce to ai yanzu da hagu za a riƙa naushi. Yaya ya ce duka ba aikin alheri ba ne, hagun ce ta dace da shi. Aka gyaɗa kai. Mahaucin ya dubi hankicin, ya dube ni, ya zauna ya fara koyo.

Akwai wani malamin lissafi a makarantar sakandare, mutumin kudancin Kaduna, da muke kira Ticha. Shi ya taɓa buga irin akwatin nan a Kaduna, ya ma iya. Ranar farko da ya zo ya miƙa hannu zai gyara shi, sai hannun ya tsaya a hanya. Ya ja benci ya zauna, ya kama sandar da dama, mutuminsa ya juya ya nufi bayan gari. Ticha ya ce, "Ashe a can wajenmu ba a koya mana daidai ba." Haka ya koma ɗan aji ɗaya, yana da digiri.

Kafin a ce me, duk saurayin da ke ji da kansa a Gwarzo ya iya faɗa a juye. Daga Kara da Madadi ake zuwa a keke a koya. Yaya ya ce hankicin don gumi ne, kada sandar ta yi santsi, sai kowa ya nemo nasa. In ka shigo shagon za ka ga ƙartai biyu a kan benci, kowanne da ƙyalle yafe a hannun dama, fuska a murtuke. Mai sayar da hankici a tasha bai taɓa sanin dalilin buɗin da ya samu ba.

Yaya kuwa ba mai iya kai shi ƙasa. Tafin hannun nan ya san sandar fiye da yadda yatsunmu suka san ta, ga yatsun hagu da ya saba aikin zare da su. Ni ne na biyu a gari, amma tsakanina da shi akwai nisa. Na yi iya ƙoƙarina in kashe shi ko da turmi ɗaya, har mafarkin abin nake yi, ban samu ba. Idan ya yi kisa sai ya miƙe ya ce, "Na gaba!" da irin muryar da yake da ita kafin ya tafi masaƙa. Ya koma tsokanar matarsa, ya koma yi mini faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi murna da faɗan. Ban taɓa son wata ƙarya ta ɗore kamar yadda na so wannan ba.

Wani direban bas ne ya jawo mana. Ya zo da labarin cewa an buɗe shago irin namu a Kabo, da irin akwatunanmu, kuma samarin can sun ce in 'yan Gwarzo sun isa su zo. Ticha ya ce ai tafiya a wannan tsadar man ba ta da amfani. Ni na ce damina ce, hanya ba kyau. Mahaucin ya ce 'yan Kabo ba sa'o'inmu ba ne, zuwa ma girmama su ne. Yaya ya dube mu da mamaki, ya ce yaushe muka zama matsorata. Da na ga ba makawa, na ce to mu tafi da akwatunanmu, hannu ya fi sabawa da nasa. Ya yarda.

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka cika bas. Kowa da hankicinsa wankakke.

Shagon Kabo ya fi namu girma, kuma ya cika har waje. Mai shagon, wani dogo mai fara'a, ya tarbe mu da ruwa da gyaɗa. Muka fito da akwatunanmu, sai bakin wayarsu ya ƙi shiga na'urarsa, tasa wata iri ce. Ya ce ba komai, ga nasa. Na duba nasa. An taɓa sace masa ɗaya, don haka ya kira kafinta ya kafe su biyun da ƙusa a kan katako guda, katakon kuma aka kafe shi a bango. Sanda a hagu, maɓallai a dama, rubutu a miƙe. Sai ka rushe shagon kafin ka juya su.

Ni aka fara turawa. Na zauna, na rasa inda zan yafa hankici, na ɗora shi a kafaɗa. Aka ce a fara. Na tunkari abokin karawata da dukkan zuciyata, mutumina ya juya ya tafi da baya har ƙarshen fili. Na ce bari in durƙusa in kare, ya daka tsalle ya tarbi shuri da fuska. Na ce bari in tsallake, ya tsuguna kamar mai gaida surukai. Ɗan Kabon da farko ya tsaya, yana zaton wata dabara ce ta Gwarzo. Da ya gane babu dabara, ya gama da ni a tsanake.

Ticha ya biyo baya. Shi na sa ido a kansa, domin na san zai iya. Motsinsa na farko ya tafi daidai, mutuminsa ya shiga da kyau, har ya sauke naushi. Sai ya waiwayo ya dubi Yaya. Daga nan mutuminsa ya fara tafiya da baya kamar nawa, ya je ya tsuguna a kusurwa har aka kashe shi. Ya tashi yana girgiza kai, yana cewa akwatin Kabo ba shi da tarbiyya.

Mahaucin ya ce shi ba zai taɓa sanda da hagu ba. Ya gicciye hannuwansa, dama a kan sanda, hagu a kan maɓallai, kamar wanda aka ɗaure. Hannu ya samu wurinsa, amma sandar ba ta san da zaman yarjejeniyarmu ba. Shi ma ya yi baya. A nan 'yan Kabo suka daina kunya. Wani ya faɗo daga kan benci don dariya, na waje suna tambayar me ya faru, ana ba su labari ta taga.

Mai shagon ya share hawaye ya ce, "Don Allah, ba don raini ba, wa ya koya muku?"

Yaya yana tsaye a jikin ƙofa. Ya ce shi ne. Ya maimaita maganarsa ta dama da hagu, amma muryar ba ta fita yadda take fita a gida ba. Wani daga baya ya ce su ma Musulmi ne, kuma ba su ji inda aka ce a riƙa tafiya da baya ba. Aka sake fashewa.

Gwanin Kabo, wanda ya gama da ni, wani siririn saurayi ne mai rawar kai. Ya taso ya zo gaban Yaya, ya ce, "To malam, zo ka nuna mana da kanka mana. Kuma wannan ƙyallen fa? Ko lalle aka sa maka, biki ya kusa?" Ya kai hannu zai ja hankicin.

Ban ga lokacin da mahaucin ya tsallake benci ba. Sai ganinsa na yi ya shaƙe wuyan rigar yaron yana huci.

"Kai, ba ka da mutunci? Mutumin da inji ya cinye wa yatsu kake wa haka? Kana zaton mu mahaukata ne? Duk Gwarzo don shi muka koyi abin nan a juye!"

Mahaucin ya saki rigar a hankali. Na ga lokacin da maganar ta dawo masa cikin kunne.

Yaya bai dubi 'yan Kabo ba. Mu ya duba, ɗaya bayan ɗaya. Kowannenmu yana riƙe da hankici, kuma ba wanda ya san yadda zai yi da shi. Ticha ya sunkuyar da kai. Ni na kafa wa ƙusoshin kafintan ido.

Ya warware hankicinsa, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Ya je ya zauna a kan benci. Ya kama sanda da hagu, ya ɗora na daman a kan maɓallai, babban yatsa a wannan gefe, ƙaramin a wancan, tsakaninsu fili. Ya ce wa yaron, "Zauna."

Yaron ya zauna. Aka fara. Mutumin Yaya ya yi baya, ya yi tsalle inda bai kamata ba, yaron kuwa sai kewaye yake yi yana naushin iska. Yaya ya ɗauke hannunsa daga akwatin.

"In ka ƙara saurara mini zan tashi. Ka dake ni yadda ka daki ƙanena."

Yaron ya dubi mai shagon, mai shagon ya ɗaga masa kai. To, ya dake shi. Turmi biyu, babu ɗagawa, Yaya bai taɓa ma'aunin jininsa ba sai da ɗan abin da ba a rasa ba. Da aka yi kisa na biyu Yaya ya miƙe, ya ce madalla, ya miƙa wa yaron hannu. Ba tsintsiya ba, hannun gaba ɗaya. Yaron ya karɓa da hannu biyu. Na ji kishi ya kama ni, domin tun dawowarsa ko ni bai ba wa ba.

Muka hau bas muka kamo hanyar gida. Mahaucin ya zauna can baya, ya rungume akwatunanmu, yana kuka ba sauti. Ni ina kusa da Yaya a gaba. Gero ya yi kai a gonaki, shi yake kallo. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da ka sauka a tasha, Yaya."

"Inna ta san sun sani?"

"Ita take karɓar masu jaje in ka fita."

Na ɗauka ya gama. Sai ya juyo ya dube ni sosai.

"Wasan fa? Da gaske nake cin ku, ko shi ma tausayi ne?"

Na rantse masa. Na ce wallahi da gaske ne, ban taɓa sassauta masa ba, ba wanda ya taɓa. Na ce ya tambayi Ticha, ya tambayi duk wanda yake so. Na gaya masa yadda nake kwana da takaicin kisan da yake yi mini. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ban taɓa faɗar gaskiya da ƙarfi haka ba.

Ya mai da kansa ga taga. Ya ce, "Ai dole ka ce haka."

Washegari ya kira kafinta ya kafe akwatunanmu a kan tebur yadda aka ƙera su. Samari suka sake komawa ajin farko, suna gunaguni. Bai yi fushi da mahaucin ba, bai yi fushi da kowa ba. Yana gaisawa da mutane, yana zama a tsakiyar sahu, shagon ya ci gaba da ci da gidanmu shekaru. Amma bai ƙara zama a benci ɗaya da ɗan Gwarzo ba. Na roƙe shi, na tsokane shi, na ce tsoro yake ji, ko a jikinsa. Idan wasan ya motsa masa sai ya bar mini shago, ya hau mota ya tafi Kabo. Can suke lallasa shi son ransu, ya dawo da yamma da fara'arsa, yana ba ni labarin naushi ɗaya da ya samu ya sauke.